Golmon Habila a Gonar Dingyaɗi

"Ku kwashe kayanku!"

Muryar Baba Dantani ta cika zauren. Lami tana laɓe a bayan ƙofa, kwanon ruwan da ta ɗebo wa baƙi yana hannunta.

Fasto Luka ya gyara zama. "Saje, ka yi haƙuri ka saurare mu. Yaron nan..."

"Na san shi. Habila ne, ɗan marigayi Iliya mai ba da magani a Shagari. Ba shi da aibu. Amma ni mutumin Zuru ne. Aikin soja ya kawo ni Boɗinga, bai canza mani jini ba. Damina bakwai na yi ina yi wa surukina noma kafin a ba ni uwar Lami. Golmo ke nan. Ba a auren ɗiyata da akwati."

"Saje, aikin bishara yake yi a ƙasar Nijar. Da an gama girbi motar mishan za ta tashi. In ya tafi, sai bayan shekaru."

"To ya tafi."

Kwanon ya suɓuce daga hannun Lami. Ƙararsa ta sa kowa ya yi shiru. Ta shigo ta durƙusa, hawaye har haɓa.

"Baba... don Allah..."

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Ita kaɗai Allah ya bar masa. Ya kawar da kai.

"Gonata ta hanyar Dingyaɗi. Geron ya nuna. Ya sare, ya yanke, ya ɗaure, ya kai rumbu kafin motar tasu ta tashi. Shi da abokansa, kamar yadda ake yi a gida. In ɗan ƙwadago ɗaya ya taka gonar, magana ta mutu."

Da yamma Habila ya same ta a bakin asibitin Shagari, inda take aikin ungozoma. Ta sha kunu, ta ƙi kallonsa.

"Lamina..."

"Kar ka ce mani Lamina! Ka ga gonar nan kuwa? Samari goma ma sai sun ji a jikinsu. Majami'armu tsofaffi ne da mata. Ina za ka samo abokai?"

"Ina da hannu biyu."

"Ni kuma zuciya ɗaya gare ni, ka kusa fasa ta!"

Ya yi dariya, ya zauna a kan benci nesa kaɗan da ita. Rana ta ƙona shi a can Nijar, ya rame, amma idonsa na nan yadda ta san shi.

"Kin tuna ƙauyen da nake ba ki labari, arewa da Tawa? Inda kwalta ta ƙare sai a bi sawun raƙuma. Rijiya mun haƙa. Rumfar da muke sujada ranar Lahadi, a cikinta nake koya wa yara karatu. Amma bara wata mata, Tamu, ta kwana tana naƙuda. Na tsaya a waje ina addu'a, ban san abin da zan yi ba. Muka ɗora ta a amalanke, a hanya ta cika."

Lami ta juyo ta dube shi.

"Ina son ki, rabin raina, ko da ba ki iya komai ba. Amma matan can ma jiranki suke yi."

"Tun ina makaranta na yi wa Ubangiji alkawari zan je inda babu kowa," in ji ta a hankali. "Ban san da kai za a haɗa ni ba, mai taurin kai."

"To gobe zan shiga gona."

Ya shiga. Shi kaɗai, tun safe har rana ta yi ja. Ya sare kara, ya bi ya yanke zangarniya. Tafin hannunsa ya yi bororo, bororon ya fashe. Baba Dantani yakan zo a kan kekensa, ya tsaya a bakin gona, ya duba, ya juya ya tafi.

Akwai wani Filibus, ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma, wanda ya daɗe yana yi wa Lami aike tana mayarwa. Shi ya tare ta a tashar a-daidaita-sahu.

"Lami, ki yi wa kanki faɗa. Ga gida, ga wuta, ga famfo. Me za ki je yi a daji cikin Buzaye?"

"Abin da ba za ka gane ba. Ba ni hanya."

Ya ba ta hanya yana murmushi. Murmushin bai yi mata daɗi ba.

Ranar Lahadi, suna fitowa daga sujada, labari ya iske su: an ga 'yan ƙwadago a gonar Saje suna yankan gero, sun ce ango ne ya turo su.

Baba Dantani ya jefar da sandarsa.

"Shi ke nan! Na faɗa tun farko!"

"Baba, wallahi ban aiki kowa ba," in ji Habila.

"Rufe mani baki!"

Sai ga Malam Sha'aibu, dillalin albasa, maƙwabcinsu na shekara da shekaru, ya iso da mutum biyu a bayansa.

"Saje, tsaya. Na biyo ta gonar na ɗauko maka su. Kai, wanga shi ne angon da yat turo ku?"

Mutumin ya dubi Habila sama da ƙasa. "A'a, Malam. Wancan fari ne, mai tumbi, da jan babur."

Kowa ya waiwaya. Filibus yana ƙoƙarin tayar da jan babur ɗinsa, babur ya ƙi tashi. Matan zumunta na majami'a suka sa masa ihu. Haka ya tura shi da ƙafa har ya sha kwana.

Baba Dantani ya ɗauki sandarsa. Bai ba kowa haƙuri ba.

"Abin da suka yanka ba ya cikin lissafi. Sharaɗi yana nan."

Sharaɗi yana nan, rabin gona ma ba a ci ba, ga shi an aiko cewa motar mishan ta iso Sakkwato.

Lami ta tafi kasuwar Shagari wurin ƙawarta Zulaihatu, telar da ke ɗinka mata kayan biki.

"Ki ajiye ɗinkin nan, ƙawata. Babu biki."

"Ke, tofar da yawu! Mi ya faru?"

Ta kwashe duka ta faɗa mata. Mijin Zulaihatu, Kabiru, yana gefe yana gyaran keken ɗinki. Ya ɗago kai.

"Abokai tsohon ya ce?"

"Abokai."

"Bai ce sai 'yan coci ba?"

"Bai ce ba."

"To ni mi ne ne? Benci ɗaya muka zauna da Habila a firamare. Tare muka saci mangwaron hedimasta, tare aka zane mu. Shi ne zai shiga gona shi kaɗai bai gaya muna ba? Lalle zai ji daga gare ni!"

Zulaihatu ta tura Lami da kafaɗa. "Tashi ki gwada rigarki, amarya."

Washegari da hantsi Baba Dantani ya iso gonarsa, ya taka birki har ya kusa faɗuwa. Gonar cike take da mutane. Samarin Shagari, magidantan ƙauyen Mandera waɗanda Lami ta karɓi haihuwar matansu, teloli, maƙera, har da mai ganga. Gayya sosai. Lami da Zulaihatu suna ƙarƙashin gawo suna dama fura.

"Su wane ne waɗannan?" Tsohon ya daka tsawa.

Ganga ta tsaya. Kabiru ya matso ya rusuna.

"Abokan ango ne, Baba."

"Wa ya biya ku?"

"Baba, in ka sami wanda aka ba ko goro, ka kore mu duka."

"Ku Musulmi ne. Kun san aikin da zai kai ɗiyata ta yi?"

Malam Sha'aibu ya taso daga inda yake ɗaurin dami. "Mun sani, Saje. Shi da addininai, mu da namu. Ba wa'azi muka zo saurare ba. Ɗan garinmu ne zai yi aure, ɗiyarmu kuma zai ɗauka. Kai da kanka, wa ya kama maka rufin ɗaki da iska ta yaye shi?"

Baba Dantani ya bi mutanen gonar da kallo. Lami ta ajiye ludayi, ta zuba masa ido.

Tsohon ya jingine kekensa. Ya taka har gaban Habila, ya kama hannunsa ya juya tafin, ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya koya maka ɗaurin dami haka? Kamar kayan wanki! Kawo igiyar nan."

Ya tuɓe babbar rigarsa ya sunkuya.

Zulaihatu ta rangaɗa guɗa. Ganga ta ɗauka. Da azahar ta yi, Musulmi suka jeru a gefen gona suka yi salla, tsoho da saurayi suka ci gaba da ɗauri su biyu, kafaɗa da kafaɗa. Kafin la'asar sakaliya damin ƙarshe ya hau amalanke.

Habila ya zo shan fura, ƙaiƙayi har cikin gashinsa.

"Lamina..."

"Na'am, angona."

"Yau kin amsa?"

"Sha furarka, mutane na kallo!"

Ranar Asabar aka ɗaura aure. Majami'ar ta yi kaɗan, aka kafa rumfa har bakin titi. Matan zumunta suna waƙa a ciki, Zulaihatu da ƙawayenta suna guɗa a waje.

Ranar tafiya Baba Dantani ya ce ba zai yi rakiya ba, shi ba mace ba ne. Lami ta durƙusa ta yi masa sallama a tsakar gida, ta fito tana share ido. Da suka isa wurin motar, wadda aka ɗaure wa akwatunan magani da buhunan hatsi a sama, sai suka tarar da shi zaune a gaba kusa da direba.

"Baba!"

"Hanya zan duba. Ku shiga, kuna ɓata wa mutane lokaci."

Suka kama hanya har Illela. A bakin iyaka ya sauka. Ya ɗora hannu ɗaya a kan Lami, ɗaya a kan Habila.

"Ubangiji, ga su nan. Ni na yi nawa."

Ya yi gyaran murya da ƙarfi, ya harari Habila.

"Da Kirsimeti zan zo in sha ruwan rijiyar nan taka. In babu daɗi, da ɗiyata zan dawo."

"Sai ka zo, Baba."

Mota ta tashi. Lami ta leƙa ta taga tana ɗaga hannu har ta daina hango shi, sannan ta kwantar da kanta a kafaɗar mijinta.

"Kuka kike yi, masoyiyata?"

"Dariya nake yi... Habila, ruwan nan da daɗi kuwa?"

Ya sosa ƙeya. "Akwai ɗan gishiri-gishiri..."

"To wallahi ka fara haƙa wata!"