Ruwan Taliyar da Barira Ta Tace

Ku matso nan. Kai Sagir, kashe wayar nan ko in fasa. Kada kuma wanda ya ce mini "ta zo mu ji ta", don wannan ba tatsuniya ba ce. Matar tana nan da ranta, kun ma sha ganinta. Barira ce, mai ɗinkin hula ta bayan masallaci, wadda ran suna in an miƙa mata jariri sai ta ɓoye hannu a mayafi.

Da ba haka take ba. Shekara tara ta yi a gidan Tasi'u kafin Allah Ya ba ta haihuwa. Ta sha rubutu, ta sha saiwa, ta sha gorin dangin miji har ta ƙoshi. Sai ga Rumasa'u. Wayyo, ku zo ku ga so! Yarinya ta shekara uku, ƙafarta har tana dukan cinyar uwar, amma kullum tana goye. Mata su ce, "Barira, sauke ta mana, ai ta girma." Ta ce, "Shekara tara bayana yana jira, ku bar shi ya rama."

Shi kuwa Tasi'u dillalin motoci ne, ɗan ƙarya na bugawa a jarida. Wata shekara ya shigo da wata mota daga Kwatano, mota mai ɗaki. Akwai gado a ciki, da murhun gas, da wurin wanke-wanke na ƙarfe mai famfo a kai. Duk wanda ya leƙo sai ya ce masa, "Ruwan datti ma tankinsa daban yake a ƙasa." Ƙarya yake yi. Tankin ya fashe tun a hanya, ya cire ya yar. Bututu ne kawai a buɗe, yana kallon ƙasa.

Da hutun Babbar Sallah ya kwashi Barira da yarinyar, wai za su je shan iska kwana uku. Akwai wani wurin hutawa a bakin dam, can kudu, sai an bar kwalta an yi tafiya. Masu iyali kaɗai ake bari su shiga. Ba kiɗa, ba hayaniyar samari. Ga lilo na yara, ga ɗan masallaci, ga famfo. Wasu sun kafa tanti, wasu sun shimfiɗa tabarmi a inuwa. Wurin shiru, har mutum yana jin numfashinsa.

Mai gadin wurin wani tsoho ne, Baba Nadabo. Suna isa ƙofa Barira ta sauka ta kai yarinyar bayi, don haka ba ta ji abin da aka yi ba. Tsohon ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Ya shiga rumfarsa ya fito da bokiti shuɗi, an rubuta lamba tara a jikinsa da jan fenti.

Ya ce, "Alhaji, ka tara wannan a bakin bututun. Kada ruwan zafi ya taɓa ƙasa."

Tasi'u ya ce, "Saboda me?"

"Mu nan baƙi ne. Akwai masu wuri."

Tasi'u ya yi dariya ya karɓa. Da tsoho ya juya sai ya ce, "Camfin ƙauye." Ya cusa bokitin a bayan kujerar direba, bai ce wa matarsa uffan ba.

Ya je ya zaɓi gindin wani gawo, can nesa da mutane, ya tsayar da mota. Wurin tas yake, ko ganye ɗaya babu. Barira ta lura an share shi, amma ba ta ga sawun tsintsiya ba.

Bayan la'asar ya ɗauki ƙugiya, ya zaro bokitin ta ƙofar direba, ya gangara bakin ruwa kamun kifi. Rumasa'u ta yi barci a kan gado. Barira ta ɗora taliya.

Ku ji nan da kyau. Barira a hannun kakarta ta tashi. Tunda take ba ta taɓa watsa ruwan zafi a ƙasa haka kawai ba. Sai ta sirka shi da na sanyi, ta yi bisimilla, ta ce, "A kauce, ga ruwa." Ko a tsakar gidanta haka take yi, har Tasi'u yana mata ba'a. Amma ranar nan a cikin ɗaki take ganin kanta. Ba ƙasa take gani ba, ƙarfe take gani, kuma mijinta ya ce akwai tanki. Ta sauke tukunya tana tafarfasa, ta juye a kwando. Ruwan ya bi rami ya wuce.

Sai ta ji ƙara a ƙarƙashin ƙafarta. 'Yar siririya, kamar an taka ɗan kyanwa. Sau ɗaya tak.

Tsuntsayen da ke kan gawon suka yi tsit.

Ta fito ta durƙusa ta leƙa. Ba kyanwa, ba komai. Ba tanki kuma. Bututu ne yana ɗiga, ƙasa ta jiƙe, tururi yana tashi. Ta shiga bisimilla tana maimaitawa, amma ina, ihu bayan hari.

Ta koma ciki ta ja ƙofa. Ta zauna kusa da 'yarta, taliyar tana sanyi a kwando. Rana ta yi ja. Daga ɗan masallacin aka fara kiran magariba.

"Salamu alaikum."

Muryar mace ce. Barira ta amsa, don ba a ƙin amsa sallama. Ta buɗe ƙofa. Wata doguwar mace ce a tsaye, baƙa, kyakkyawa. Ta ɗaura majanyi a ƙirji irin na mai goyo, amma bayanta babu kowa. Hannunta biyu a miƙe, riƙe da faifai, ta nisanta shi da jikinta. A kan faifan an lulluɓe wani abu da ɗanyen ganye, ganyen yana motsi.

Matar ta ce, "Baiwar Allah, ke ce baƙuwarmu?"

Barira ta dube ta. Bakin matar yana motsi a gabanta, amma muryar daga ƙarƙashin motar take fitowa. Har a tafin ƙafarta take jin ta.

"Ni ce."

"Wa ya zuba ruwa?"

"Ni."

"Kin yi magana?"

"Ban yi ba. Wallahi ban san..."

"Na kwantar da ɗana a inuwa. Na je ɗebo itace."

Ta ɗaga ganyen da yatsa ɗaya. Barira ta kalla. Har yau ba ta faɗa wa kowa abin da ta gani ba. Abin da ta ce kawai shi ne ya kai girman tafin hannu biyu, kuma yana ƙanshin taliya.

Matar ta ce, "Ba ya bari in taɓa shi. In na kai hannu sai ya ƙwalla ƙara. Shekara ɗari uku ina jiransa."

Barira ta zube a bakin ƙofa tana kuka. Ta san wannan jiran. Ta ce, "Ki yi mini rai, 'yar'uwa. Ki yi mini rai don Allah."

Daidai nan sai ga Tasi'u yana tafe yana fito da baki, da kifi a bokiti. Ya ga mace a ƙofar motarsa, ya buɗe baki zai yi tsawa. Matar ta juyo da kanta. Kan kaɗai ta juyo, jikin bai motsa ba. Ya fasa tsawar.

Muryar ta taso daga ƙasa ta ce, "Maigida, mun yi alkawari da tsohon ƙofa. Wanda aka ba bokiti ya ƙi tarawa, laifin nasa ne. An ba ka?"

Kun san me la'anannen nan ya ce? Da bokitin a hannunsa! Ya ce, "Ba wanda ya ba ni komai. Wannan namu ne, daga gida muka zo da shi. Ita ta zuba ruwa, ni ba na ma nan."

Matar ta maido kanta kan Barira. "Gaskiya ya faɗa?"

Barira ta dubi bokitin. Shuɗi, da jar lamba. Ita ce mai wanke bokitan gidanta, ta san babu irinsa. Nan take ta gane komai. Ta dubi mijinta, ruwan kifi yana zuba a wandonsa. Kakar da ta koya mata sirka ruwa ita ce dai ta koya mata cewa mace ba ta tona asirin mijinta a gaban baƙo. Kuma ta ɗauka a jikinta abin zai tsaya. Ta ce a ranta, ƙuna ce, zan iya.

Ta ce, "Namu ne."

"To, ke kaɗai ce ke nan."

Barira ta miƙa hannuwanta biyu. "Ga su. Su suka zuba. Ki ƙona su, ki ƙyale mini 'yata."

Matar ta daɗe tana kallon yarinyar da ke barci a kan gado. Sannan ta sunkuyo ta hura iska a tafin hannun Barira, dama da hagu. Iskar sanyi ƙalau.

"Ban ƙona ba. Tsaraba na ba ki. Ran da na goya nawa, ki goya naki."

Barira ta ƙifta ido, babu kowa. Ganye ɗaya ne ɗanye a ƙasa. Ta duba hannunta ciki da baya, lafiya lau. Ta ce alhamdulillahi. Har da dariya ta yi, tana hawaye.

Rumasa'u ta farka ta ce, "Umma." Ta miƙo hannu a ɗauke ta.

Barira ta sure ta.

Ƙarar da yarinyar ta yi, har masu sallah a masallaci sun ji. Uwar ta zaci tsoro ne, sai ta ƙara rungume ta. Yarinya tana fizga, tana cizo, uwa tana ƙara matse ta tana cewa, "Ni ce, Ruma, ni ce." Sai da Tasi'u ya fizge ta da ƙarfi. Ya ɗaga rigarta. Sawun yatsu biyar a haƙarƙarin dama, biyar a na hagu, duk sun tashi sun yi ruwa.

Ko sallar isha'i ba su jira ba. A ƙofa Baba Nadabo ya tsayar da su, ya dubi yarinyar, ya dubi hannun Barira. Ya ce, "Alhaji, ina bokitina?" Tasi'u ya wurgo shi ta taga da kifin a ciki, ya taka mota.

Babu abin da ba ta gwada ba. Safar hannu, zani ninki huɗu, bargo. In dai hannunta ne ko jikinta, sai fatar yarinyar ta tashi. Kowa ya ɗauki Rumasa'u lafiya, ita ma ta ɗauki ɗan kowa lafiya. 'Yarta ce kaɗai. Malamai suka yi nasu, asibiti suka yi nasu. Da likita ya tambayi yadda aka yi, Tasi'u ya ce, "Uwar ce ke ƙona ta. Kanta ba daidai yake ba." Haka ya faɗa wa danginsa ma. Kafin azumi ya ba ta takardarta, ya kai yarinyar wurin yayarsa. Barira ta buɗe baki ta ba da labarin bokiti, amma wa zai saurari wadda aka riga aka kira mahaukaciya?

Abu ɗaya ya riƙe ta, maganar nan ta "ran da na goya nawa". Ta ce ai ƙuna tana warkewa. Duk Babbar Sallah sai ta shiga motar haya ta koma wurin ita kaɗai, da man kaɗanya da tulun ruwan sanyi. Ta ajiye a gindin gawon da magariba, ta durƙusa ta ce, "Salamu alaikum, masu gida. Ya mai jiki?" Shiru. Da safe ta tarar an ɗauke man. Ta dawo gida da murna, ta ce ana amfani da shi.

Shekara bakwai tana yi. A ɗakinta akwai sabon majanyi a ninke, tana jira.

Bara ta je kamar kullum. Ta yi sallama. A karon farko ƙasa ta amsa.

"Wa alaikumus salam."

Barira ta ce, "Ya mai jiki?"

"Wane?"

"Yaron. Ya samu sauƙi? Kin goya shi?"

Muryar ta ce, "A daren muka binne shi."

Barira ta ce, "To man da nake kawowa?"

"Ina shafawa a ƙafata. Yana da kyau."

"Ni fa? 'Yata fa?"

"Na faɗa miki. Ran da na goya."

Baba Nadabo ne ya tsince ta a wurin da safe, a zaune, idonta a bushe.

Yanzu Rumasa'u ta shekara goma sha ɗaya. Kullum ta ƙofar Barira take wucewa zuwa Islamiyya, da kitson da wata ta yi mata. In ta zo daidai ƙofar sai ta tsallaka ɗaya gefen titi, don an gaya mata matar nan ce ta yi mata tabon da ke jikinta. Barira tana zaune da hularta a cinya. Ba ta kiranta. Hannuwanta kawai take cusawa a hammata, har yarinyar ta sha kwana.

Tasi'u kuwa yana nan garau, ya yi ƙiba, bara ma ya je Umara.

Don haka in kun je baƙon wuri kuka ga inuwa a share ba sawun tsintsiya, ku nemi wata inuwar. Ke Hindatu, ina za ki da butar shayin nan? Ajiye ta. Bar shi ya huce sai da safe.