Lamba ta Uku a Na'urar Baba

Gab da magariba Auta ta shiga shagon kayan lantarki da ke bakin kasuwa, tana jan ƙafa. Tun safe take kan keken ɗinki a ma'aikata, ga shi rabonta da barcin kirki an kwana biyu. Mahaifinta ne damuwarta. Sau uku ke nan a wata guda Baba yana ficewa da yamma ya manta hanyar gida. Na ƙarshen wani direba ne ya dawo da shi, da takalmi ƙafa ɗaya. Yayanta kuwa, a waya babu wanda ya kai shi son Baba, amma zuwa sai ranar da ya ga dama.

Mai shagon ya jera mata na'urorin bin sawun mutum iri uku a kan gilashi. Agogon hannu, ta ce Baba zai cire ya jefar. Wata ƙarama ta aljihu, tana nuna inda mutum yake amma ba ta magana. Ta ukun a wuya ake ratayawa, da jan maɓalli guda a tsakiya.

“Wannan ce daidai da tsoho, Malama,” in ji shi. “In ya danna, za ta kira lamba ta farko. In ba a ɗauka ba ta wuce ta biyu, daga nan ta uku. Kuma duk inda ya sa ƙafa kina gani a wayarki. Karanto min lambobi uku.”

Ta ba shi tata. Ta ba shi ta Yaya.

“Saura ɗaya. Ba ta aiki sai an cike duka.”

Ta bi sunayen wayarta daga sama har ƙasa. Maƙwabciya ta riga ta gaji da su, har ta daina ɓoyewa. Ƙanwar Baba ita ma sai an riƙe mata hannu. Kunya ta rufe Auta, a ce duk faɗin duniya ba ta da mutum na uku. Kafin ta ankara bakinta ya karanto lambar da ta haddace tun tana budurwa, lambar Inna, mahaifiyarta, wadda ta shekara uku a ƙasa. Ta ce a ranta ai layin ya daɗe da mutuwa, cike gurbi ne kawai.

Ni dai ban ga laifinta ba. Gajiya tana sa mutum abin da ya fi haka.

Kwana tara lafiya lau. Ran na goma aka tsayar da su ƙarin aiki. Keke ashirin na ruri a ɗaki guda, wa zai ji kukan waya a cikin jaka? Sai da aka fara kiran salla ta duba. Na'urar Baba ta kira ta, ba ta ji ba. Ta kira Yaya, kamar kullum bai ɗauka ba. A ƙasa an rubuta: lamba ta uku, an ɗauka. Minti goma sha tara, kuma har yanzu ana kan layi.

Ɗigon da ke nuna Baba yana tafiya a hankali, ya wuce gidajen ƙarshe, ya nufi tsohuwar ma'aikatar bulo. Ta san wurin. Akwai wawakeken rami da aka haƙa ƙasa, ruwa ya cika shi, babu wanda ya san zurfinsa.

Mai babur ya kai ta inda kwalta ta ƙare, ya taka birki.

“Daga nan ba na wucewa da magariba, 'yar'uwa. Amma zan jira ki.”

Ta shiga da ƙafa. Ciyawa har gwiwa. Warin tsayayyen ruwa da jiƙaƙƙen toka. Kwaɗi suna ta kuka ta ko'ina, sai kawai suka ɗauke gaba ɗaya, kamar an rufe ƙofa.

Wani ƙamshi ya zo mata. Man zafin da Inna ke shafa wa gwiwoyinta.

Ta hango farar rigar Baba. Ruwa ya kai masa ƙwauri. Jar fitilar na'urar tana haske a ƙirjinsa, kuma murya tana fita daga cikinta, da ɗan gyaran muryar nan da Inna ke yi kafin ta yi magana.

“Taho, Malam. Saura kaɗan.”

“Ga ni nan,” in ji Baba, yana murmushi. Rabon Auta da ganin wannan murmushi tun kafin jana'izar Inna.

Ta faɗa ruwan. Sanyinsa ya ratsa ta har ƙashi. Ta kama hannunsa.

Muryar ta tsaya.

Sai numfashi a cikin na'urar, dogo, a hankali.

“Auta,” aka ce ƙasa-ƙasa. “Ke ma kin gaji. Taho ki huta.”

Abin da ya fi ba ta tsoro har yau shi ne daɗin da ta ji. Shekara uku babu wanda ya ce mata kin gaji. Hawaye suka zubo mata. Ƙafarta ta ɗaga da kanta.

Taku ɗaya. Ruwa a gwiwa.

Taku biyu. Laka ta fara zamewa a ƙarƙashinta.

“Sanyi nake ji,” in ji Baba, da muryar ƙaramin yaro.

Wannan ne ya farkar da ita. Ta yi a'uziyya, ta danna jan maɓallin da ƙarfi. Fitilar ta mutu.

“Taho mana.”

Ba daga na'urar ba. Daga cikin ruwan, dab da su.

Ta rungumo Baba ta ja. Wani abu ya riƙe gefen rigarsa ta ƙasa. Ta ja, aka ja. Ta sake ja da duk abin da ya rage mata, rigar ta yage, suka zube tare a bakin ramin. Ba ta waiwaya ba. Ta kinkime shi rabi, ta ja shi rabi, har hasken fitilar babur ya sauka a kansu. Mai babur ya dubi rigar, ya dubi fuskarta, ya tayar da babur.

Washegari ta koma shagon. Mai shagon ya kira lambar a gabanta, aka ce layin ba ya aiki. Ya goge ta ya sa tasa, ya adana. Da ya sake buɗewa, lambar Inna ce a wurin. Sau uku yana yi. Ya ture na'urar da bayan hannu, ya ce zai ba ta wata sabuwa kyauta.

Baba ya ƙi sabuwar. Da aka raba shi da tsohuwar ya daina cin abinci, kwana biyu yana kallon bango. Dole ta mayar masa da abarsa.

Yanzu Auta ba ta sa waya a jaka. A cikin rigarta take, manne da fata, ko a kan keke, ko a banɗaki, ko a kan sallaya. Wayar na kaɗawa sau ɗaya take ɗauka, don ta san Yaya ba zai ɗauka ba, ta kuma san wanda ke bayansa a layi. Ta rame, idanunta sun faɗa.

Jiya da magariba wayar ta motsa. Ta ɗauka tun kafin ta gama kaɗawa.

“Baba, ga ni. Kana ina?”

Ya yi magana a hankali, da lallashi, kamar mai roƙon alfarma.

“Ba ke nake nema ba, 'yata. Ki bari ya wuce.”