Ɗigon Ruwa a Ƙarƙashin Jif

Baban Auta likitan dabbobi ne. Yana da wata tsohuwar jif mai manyan tayoyi. Da ita yake ratsa rafi da duwatsu, ya isa gonakin da ake kiransa. Motar ta ci hanya ƙwarai. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya kuma sai da dabara take rufuwa.

Auta tana ji da motar nan. Takan ce wa ƙawayenta, "Motar Babana ba ta taɓa lalacewa ba!"

Da Baba ya ji, sai ya yi dariya. "Wa ya gaya miki? Tana lalacewa mana. Kula da ita nake yi, shi ya sa ba ta cika ba ni kunya ba."

Kullum za a yi tafiya, Baba yakan duba baƙin mai da ruwa da birki tun da yamma. Da safe kuma aikin Auta ne ta leƙa ƙarƙashin mota, ko wani abu ya ɗiga.

Ran nan Auta da Baba da Mama za su je gaida Kaka, can bayan tsauni. Auta ta daɗe ba ta gan ta ba. Da safe ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin mota. Sai ga wani ruwa kore-kore ya ɗan taru a ƙasa.

"In na faɗa, Baba zai kai ta gareji, a fasa tafiya," ta ce a ranta. Ta sa ƙafa ta tura yashi a kai.

"Auta, ƙasan lafiya?" in ji Baba.

"Lafiya lau, Baba."

Suka kama hanya. Kwalta ta ƙare, suka shiga gargada. Suna cikin hawan tsauni sai Baba ya ga allurar zafin inji ta kai ja. Ya yi maza ya tsaya, ya kashe inji. Tururi ya turnuƙe gaban mota.

"Kowa ya sauka. Kada wanda ya matso, da zafi!"

Suka zauna a gindin wata 'yar bishiya. Rana ta take, ga ƙishirwa. Sai da inji ya huce Baba ya buɗe gaban mota.

"Tiyon lagireto ne ya tsage," ya ce wa Mama. "Abin mamaki, irin wannan da ɗigo yake farawa."

Auta ta fashe da kuka. "Baba, na ga ɗigon. Ni na rufe shi da yashi. Tsoro nake kada a fasa zuwa."

"Haba, Auta!" in ji Mama.

Baba ya tsuguna gabanta. "Ina da sabon tiyo a bayan mota. Da kin faɗa, da na canza shi kafin Mamanki ta gama shiri. Da ban lura da allurar nan ba fa, da injin ya ƙone."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ya wuce. Share hawayenki, ki miƙo mini sufana."

Ta riƙe masa kayan aiki har ya ɗaura sabon tiyo. Suka zuba ruwa daga jarka. Jif ta tashi ras.

Sai la'asar suka isa. Kaka tana bakin ƙofa tun hantsi, hankalinta a tashe. Auta ta ruga ta rungume ta, ta ba ta labari duka.

Kaka ta ja mata kunne da wasa. "Ja'ira! Ai ni da motar nan sa'o'in juna ne. Mu tsofaffi ba ma faɗuwa sai mun yi ƙorafi tukuna. A saurare mu kawai."

Kowa ya yi dariya. Tun daga ranar Auta ta gane cewa ƙaramar matsala, in aka ɓoye ta, girma take yi. Faɗin gaskiya da wuri shi ne sauƙi ga kowa.