Agogon da Ya Ɓata a Gidan Sha'aban

Yammacin da abin ya faru, babu wanda zai ce akwai wata ɓaraka a gidan Sha'aban mai buga takardu, can bayan kasuwar Daura. Matarsa Kulu ta ɗora zogale a wuta, ta yafa mayafi za ta gaisuwa maƙwabta, ta leƙa ɗakin kwamfuta inda 'yarsu Siddiƙa take bitar jarrabawa.

"Ki tsiyaye ruwan zogalen nan kafin magariba," in ji ta. "Kin ji ko?"

"Na ji, Inna. Ina duba agogo."

Ɗakin ba shi da taga, kunnuwan yarinyar kuma a toshe suke da abin sauraro. Agogon da take nufi shi ne ɗan ƙaramin nan na kusurwar dama, a kan siririn layin saman fuskar kwamfuta. Ranar nan babu shi. Sha'aban ne ya yi 'yan taɓe-taɓensa da safe, don shi mutum ne da hannunsa ba ya zama, bakinsa ma haka. Siddiƙa ta ɗaga ido ta ga wurin wayam, ta ce a ranta da saura, ta ci gaba da karatu.

Da ta fito, sama ta riga ta yi ja, kaji sun shige akurki, unguwa ta yi tsit irin na bayan kiran salla. Tsoron faɗan Inna ya kama ta. Ta sauke tukunya ta sheƙa tafasasshen ruwan a makwarari, ko bisimilla babu, a daidai lokacin da kowane ɗan Daura ya san ba a zubar da ruwan zafi. Daga cikin makwararin wani abu ya tsala ƙara, kamar ta jariri.

Tun daga ranar, da zarar rana ta faɗi sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufin gidan. Wata murya takan yi ta rarrashin yaro a bayan madafa, alhali babu kowa. Siddiƙa ta daina cin abinci, ta daina amsa sunanta. Harisu mai gyaran kwamfuta ya zo, ya shiga wajen saitinta, ya taɓa inda ake cewa a nuna agogo. Agogon ya fito, ya ƙifta, ya sake ɓacewa. Da ya maimaita, sai yarinyar ta yi dariya daga tsakar gida da muryar da ba tata ba. Harisu ya tattara kayansa ya fita ba sallama.

Aka ɗauko Malam Abdulmuhaimin daga Zango, dattijo mai ruƙiyya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, ya dubi iyayen.

"Duk abin da za ku ji, ku kame bakinku. Su nasu cinikin da kalma ake yi, kuma ba a warwarewa."

Ya fara karatu a hankali. Jikin Siddiƙa ya sandare, wuyanta ya karkace, muryar wata mata ta fito daga bakinta, a shaƙe.

"Malam, daina ƙona ni. Ni aka zalunta. Magariba tamu ce. Na fito da ɗana, ta sheƙa masa wuta a ƙafa."

"Ba da gangan ta yi ba. Ba ta san lokaci ba."

"Shi ya sa na riƙe shi. Wanda bai san darajar abu ba, me zai yi da shi?"

"Ki ji tsoron Allah, ki saki abin da kika riƙe, ki fita."

Hawaye na zuba daga idon yarinyar, amma bakinta murmushi yake.

"Zan fita. Ƙafa ɗaya ɗana ya rasa, don haka abu ɗaya zan mayar. Agogo, ko lokaci?"

Malam ya buɗe baki. Amma Sha'aban, da ya ga wuyan 'yarsa yana neman karyewa, tausayi ya rufe masa ido, ya manta gargaɗin.

"Ai duk ɗaya ne! Mayar da agogon, ki rabu da mu!"

"Innalillahi," in ji Malam, ya sunkuyar da kai.

"Uban ya faɗa," in ji muryar. Siddiƙa ta yi atishawa, ta zube a jikin uwarta. A cikin ɗaki, agogon ya bayyana a kusurwarsa, daidai yake tafiya.

Jifa ya tsaya. Siddiƙa ta tashi, ta ci abinci, ta gane kowa. Malam ya ƙi karɓar ko ruwa, ya hau babur ya koma Zango. Sai da gari ya waye suka fahimci abin da ya sa. Da hantsi yarinyar ta zabura ta nufi madafa, ta ce bari ta tsiyaye zogale kafin magariba. Da azahar ma haka. An yi jarrabawa ba ita, tsararrakinta sun wuce makarantar gaba, damina ta zo ta tafi, ita kuwa tana nan a yammacin nan guda.

Sha'aban ya lulluɓe kwamfutar da tsohon zane, bai ƙara kunna ta ba, magana ma ya rage. Kulu ce ke zaune da yarinyar. Duk sanda Siddiƙa ta miƙe a firgice ta ce, "Inna, an kira magariba?" sai uwar ta riƙo hannunta.

"Da saura, 'yar nan. Zauna."