Farin Gari A Motar Kailu

Ana shirin sallar la'asar ranar Asabar aka zo komisariyar ƴan sandan Filinge da labari: mota ta kife a tsohon filin jirgi, kuma wanda ke cikinta ya rasu.

Gaban Insifekta Manzo ya faɗi, domin nasa ɗan ma can yake tafiya kallon tsere duk Asabar. Sai da ya ji an ce Kailu ne, ɗan Magagi direba, sannan ya saki numfashi. Daga baya kunya ta kama shi, ya ɗauki hularsa ya fita.

Filin nan sojoji ne suka share shi a zamanin mulkinsu. Lokacin ko akuya ta taka shi sai mai ita ya yi bayani. Da suka koma bariki aka bar shi ga sabara da ƙaya, har samarin gari suka jera tsofaffin tayoyi suka fitar da kwana-kwana, suka mayar da shi wurin gwada motoci.

Motar tana can kwanar ƙarshe, nesa da inda ƴan kallo ke tsayawa. Ƴar ƙaramar Sitalet ce, tsohuwar tasi, an riga an tashe ta kan tayoyinta.

Manzo ya leƙa ciki. Babu kujerar baya, babu ta gefen direba, babu shimfiɗa, babu rediyo. Sai ƙarfe tsirara da bututu masu kauri da aka yi wa walda suka kewaye mazaunin direba kamar keji.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Su biyu ne, shef," in ji Birgadiye Lawali, mataimakinsa. "Marigayin da abokinshi Tahiru makanike. Tun damina suke kanta."

Manzo ya girgiza bututun. Ko motsi. Bel ɗin kujerar bai tsinke ba. Sai da ya ɗaga kai ya ga rufin ya lotsa a wuri guda, amma ba ciki ya lotso ba, waje ya taso, kamar an doke shi daga cikin motar.

A asibiti likita ya taƙaita masa magana.

"Ƙirjinsa lafiya, ƙafafunsa lafiya. Da don su ne, da ya fito da kansa yana kakkaɓe riga. Ƙeya ce, ƙasan hular kwano. Abu mai nauyi ya same shi ta baya."

"Mene ne?"

"Wannan aikinka ne, Insifekta."

Kafin gari ya waye magana ta gama Filinge. Tahiru ne ke tsaye a kwanar ƙarshe da tuta, shi ya fara isa wurin motar, ya jima shi kaɗai kafin jama'a su iso. Kuma kowa ya ji su da safe suna cacar baki kan wanda zai tuƙa. Ƙannen mahaifin marigayin suka fara taruwa a ƙofar garejin da sanduna. Manzo ya aika aka kawo Tahiru, rabi don tambaya, rabi don kada a kashe shi.

Dogon saurayi ne, idanunsa sun kumbura.

"Kun yi faɗa da Kailu?"

"Kullum muna yi. Shi ya ce ƙahwata nauyi gare ta, ni na ce kanshi ne babu nauyi. Munka yi ƙuri'a da kwabo, yac ci."

"Me kuka yi wa motar?"

Nan bakinsa ya buɗe, kamar wanda ya sami inuwa.

"Ba mu da kuɗin ƙara ma inji ƙarhi, Insifekta, sai munka rage mata kaya. Kujeru, kwalin ƙohohi, jak, safaya, duk munka hidda. Munka sa takalmin birki sabo, munka juye tsohon man birki munka zuba wani. Tayoyi kwance ne, na hannu, daga Yamai, amma ɗaya-ɗaya na zaɓe su. Kejin nan da hannuna na yi shi. Na ce mishi ko ta yi juyi goma za ka hito."

"Bai fito ba."

Tahiru ya sunkuyar da kai.

"Me ke cikin motar da ta tashi?"

"Babu komi. Ƙa'ida ce, ko sifana ba a bari. Abin da ba a ɗaure ba, in mota ta juya harsashi ne."

"To me ya doki rufin daga ciki?"

"Ban sani ba."

"Miƙo hannuwanka."

Fatar damatsansa ta saɓule daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, irin ta wanda ya rungumi abu mai kaushi.

"Wajen jawo shi ne."

"Kailu mutum ne, ba bango ba. Lawali, kai shi kaso."

Manzo ya koma wurin motar. A can baya, inda ake ajiye safaya, akwai gurbi mai zurfi, da wani guntun katako a gefe wanda da alama shi aka rufe gurbin da shi. Ya shafa ƙasan gurbin. Yatsunsa suka fito fari. Ya shinshina, ya ɗora a harshe.

"Siminti ne?" in ji Lawali.

"Garin hatsi."

Suka zagaya bayan kwanar. Duk da sawun jama'a, akwai inda aka ja wani abu a ƙasa zuwa wani kwari. Can ƙarƙashin sabara suka same shi an kife shi: dutsen niƙa, uwar, tsakiyarsa ta yi kwarmi don tsufa. A gefe guda akwai jini ya bushe. Su biyu suka kama kafin ya shiga motar ƴan sanda.

Aka ajiye shi a gaban Tahiru.

"Ka san wannan?"

Ya dube shi sau ɗaya ya kau da kai.

"Ni na kai shi kwarin."

"Wa ya sa shi a mota?"

Tahiru ya ƙura wa bango ido.

"Yaro, ka san abin da ake faɗi a gari? Cewa ake kai ka kashe abokinka."

"Ku rubuta abin da kunka ga dama."

"Kai da ka cire rediyo don nauyi, kai za ka loda dutse? Wa kake rufa wa asiri?"

"Ni na sa. Ku rubuta."

Manzo ya daɗe yana kallonsa. Ya ga masu ƙarya don su tsira da yawa. Mai ƙarya don ya nutse, wannan ne na farko.

Washegari ya tafi gidan makoki. Magagi na zaune a kan tabarma a ƙofar gida, tsoho mai faɗin kafaɗa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan tasi tsakanin Filinge da Yamai ba a taɓa jin ya taka ko kaza ba. Manzo ya san shi. Watannin baya ya zo komisariya da kansa yana roƙon a rufe filin, Manzo ya ce masa babu dokar da ta hana, yanzu ba zamanin da ba ne. Tsohon ya tashi ya tafi ko sallama bai yi ba.

Bayan an shafa fatiha Manzo ya nemi izinin yi wa uwar marigayin gaisuwa. Habsa na zaune a gindin rumbu, mata sun kewaye ta. Kusa da madafa akwai wani wuri a ƙasa da ya lotsa, babu komai a kansa, sai ɗan dutsen niƙa a gefe shi kaɗai.

"Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

"Amin, ɗana."

"Ina uwar dutsen nan?"

Ta dubi wurin kamar ta manta da shi.

"Oho. Tun Asabar da sahe na neme shi ban gani ba. Na uwata ne. Kowa ya koma inji, ni kaɗai ke niƙa, don Kailu. Shi da ke wuni cikin baƙin mai, wai garin inji warin man gazuwal shikai." Ta yi ɗan murmushi, sai ya karye. "Juma'a na niƙa mishi na kunu. Shi ne na ƙarshe."

"Motar a ina take kwana?"

"Nan bayan gida, cikin rumhwar babanshi. Ni dai tambayata ɗaya: Tahiru, yaron da ya ci tuwo a kwano guda da ɗana tun suna yaye, mi Kailu ya yi mishi?"

Manzo ya miƙe. Ya fito ya durƙusa kusa da Magagi.

"Baba, ina son magana da kai a keɓe."

Suka shiga rumfar bayan gida. Kujerun motar da aka cire suna jingine a bango, da safaya, da jak.

"Dutsen niƙan gidanka ya ɓata."

"An sace shi tun bara."

"Inna ta ce ranar Juma'a ta yi niƙa a kansa."

"Mace cikin makoki ba ta san Juma'a da Talata ba."

"Garin da na samu a motar sabo ne, ko tururuwa ba ta gama da shi ba."

Magagi ya ja carbinsa.

"Ai kun kama mai laihi. Na ji an ce ya amsa."

"Ya amsa. Gobe za a kai shi gaban alƙali. Da amsar bakinsa da raunin hannunsa, ba zai fito da baƙin gashi ba. In ma ya fito, ƙannenka na jiransa."

"Allah shi ne masani."

"Shi ne. Amma Tahiru ma ya san wani abu. Ya leƙa motar ya ga dutsen da ya sha kunun da aka niƙa a kansa tun yana yaro. Ya san ba Kailu ya sa ba, ya san Inna ba ta iya ɗaga shi. Sai ya rungume shi ya ja har fatarsa ta saɓule, abokinsa na kwance bai ko huce ba. Wa kake jin yake yi wa haka?"

Carbin ya tsaya.

Manzo ya leƙa waje ya yi wa Lawali alama. Aka fito da Tahiru daga mota da ankwa a hannu, aka shigo da shi ta ƙofar baya. Da ya ga tsohon sai ya durƙusa, kamar yadda ya saba.

"Baba, ina wuni. Ya haƙuri?"

Magagi ya dubi ankwar, ya dubi hannuwan da suka fara ruwa. Ya juya wajen Manzo.

"Ku kwance shi."

"Baba, kada ka..."

"Yi min shiru, Tahiru! Kana kaso ina nan ina karɓar gaisuwa? Ina jin ana zaginka ina cewa amin."

Ya zauna a kan kujerar motar da aka cire, ya yi magana yana kallon ƙasa.

"Na yi hwaɗa, na yi lallashi, na sa malamai sunka yi mishi nasiha. Na zo wurinku. Kullum in na leƙo rumhwar ga, sun hidda wani abu. Yau kujera, gobe taya. Ni kuwa abin da na sani a hanya guda ne: mota mai lodi ba ta wauta. Wadda ba komi cikinta ita ka tashi da mutum. Na ce in na ƙara mata nauyi za ta zamna ƙasa, ta ƙi gudu, a wuce shi, a yi mishi dariya, shi ji haushi shi bari. Kunya nis so shi sha, Insifekta. Kunya kawai."

"Yaushe ka sa?"

"Da sahe, suna waje suna gardamar wa za ya tuƙa. Na sa a gurbin taya na ruhe da katako. Har na yi niyyar ɗaure shi. Sai na ji tahiyarsu."

"Nauyin a baya ne ya jefa ta a kwana," Tahiru ya faɗa a hankali, kamar ba da son ransa ba. "Na ga gindinta ya hita. Na ce ba haka munka gina ta ba."

Lawali ya cire masa ankwa. Tahiru bai tashi ba.

"Da ka bari, Baba. Inna ta rasa ɗa. Yanzu wa ya rage mata?"

Ba a san lokacin da Habsa ta zo ba. Tana tsaye a bakin rumfar, ta riƙe ginshiƙi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi kururuwa ba. Mijinta kawai take kallo.

"Na tambaye ka dutsen nan ranar Asabar, Malam. Kac ce in duba wajen maƙwabta."

Magagi ya sunkuyar da kai.

Ta wuce shi kamar babu kowa a wurin, ta kama hannun Tahiru tana duba raunin.

"Taso, ɗana. Na zage ka da bakin ga. Taso in wanke maka."

Manzo bai sa wa tsohon ankwa ba. Suka fita ta ƙofar gaba, ta tsakiyar masu zaman makoki. Ƙannensa suka miƙe suna tambayar ko lafiya. Magagi ya tsaya.

"Ku aje sandunanku. Yaron nan bai yi komi ba. Ni ne."

Babu wanda ya yi motsi har ya shiga mota.

Lawali ya tayar, ya ɗauki hanyar komisariya, yana sauri don su bar idon jama'a. Tsohon na zaune a baya kusa da Manzo, hannuwansa a kan gwiwa. Da suka doshi kwanar kasuwa ya ɗan sunkuyo gaba.

"Sassauta, yaro," ya ce. "Akwai yara a hanyar ga."