Hoton Da Ja'afaru Ya Ƙi Cirewa

"Ja'afaru, don girman Allah ka cire mini shi! Kai kaɗai ke da compte ɗin..."

"Na ji, chérie. Bari sai na zo ran Juma'a."

"Haka ka ce wancan makon!"

Ƙit, ya kashe wayar.

Ruwaida ta bi liseuse ɗin da ke kife a kan tebur da kallo. Mijin nata ne ya kawo mata ita daga Paris, inda yake aikin injiniya, sai ƙarshen mako yake zuwa gidansu na Vaulx-en-Velin. Ƴar na'urar karatu ce, irin wadda da an ajiye ta sai talla ta rufe fuskarta. Lokacin da cikinta ya tsufa, likita ya hana ta ɗaukar kaya mai nauyi, shi ne ta zuba littattafan doctorat ɗinta, wato digirin digirgir, duka a ciki. Tallar ba ta taɓa damunta ba. Yau littafin girki, gobe labarin ƴan sanda.

Sai da ta dawo daga asibiti hannu rabbana. Yaron bai zo da rai ba.

Ranar da ta fara iya ɗaga kai, ta jawo liseuse ɗin don ta ɗan manta. Jariri ta gani, kumatu cike, yana barci a kan farin zane, ana tallar littafin waƙoƙin raino. Ba ta san ta yi ihu ba sai da maƙwabciya ta buga ƙofa.

Babu dabarar da ba ta gwada ba. Comfort, ƴar Jos da suke labo ɗaya, wato ɗakin bincike na jami'a, ta ce, "Ki sa ta mode avion mana, in babu wifi ina talla za ta bi ta shigo?" Ta sa. Sai hoton ya tsaya cak a kan jaririn, ya ƙi sauyawa. Ta mayar da wifi, wasu tallace-tallace suka zo, shi ma yana zagayowa a cikinsu ba sallama. Ta sayo marfi, amma in ta buɗe dole sai ta goga yatsa a kan fuskar kafin shafi ya fito. Ƙarshe ta koyi buɗewa ido rufe, tana lalube kamar makauniya. Da ta kira kamfanin, wata mata ta gaya mata cikin ladabi cewa ana cirewa, amma sai mai compte, wato wanda asusun na'urar ke da sunansa, ya nema da kansa.

Juma'a ta zo, Ja'afaru bai zo ba.

Ran Lahadi ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ta wuce La Courneuve, gidan Hajiya Turai, yayarsa da ta raine shi, inda yake kwana ranakun aiki.

"Yaya, ina wuni? Mun same ku lafiya?"

Hajiya Turai ta amsa a daƙile, ba ta daina yankan albasa ba. "Ah, Madame la doctoresse! Yau littafi ya bar ki kin tuna da mutane?"

Ja'afaru ya fito daga ɗaki, fuska a ɗaure. Ruwaida ta durƙusa gabansa, ta miƙa masa na'urar da hannu biyu.

"Rabin raina, ban zo faɗa ba. Ba na barci, ba na karatu. Ka taimake ni..."

"Me zai cire?" in ji Hajiya Turai. "Kawo in gani." Ta goge hannu da zane, ta buɗe marfin, ta ƙura wa hoton ido. "Tubarkalla. Ga yara nan da uwayensu suka zauna gida suka kula da su."

"Yaya!" in ji Ruwaida.

"Ƙarya na yi? Da ciki wata takwas kina hawan métro, kina tsaye a labo safe da yamma! Ni na ce masa kada ya taɓa shi. Ki riƙa gani kina tunawa."

Ruwaida ta juya a hankali. "Ja'afaru... da gangan ka bari?"

Ya kau da kai. "Na ce ki ajiye thèse ɗin nan, ki bar karatun nan, kin ƙi."

"Likita ya gaya maka a gabana, cibiya ce ta naɗe masa wuya! Ka ji da kunnenka!"

"Ni ma ɗana ne!" ya daka mata tsawa. "Ni na sa shi a kabari, ke kina kwance. Kullum ina ganin fuskarsa, don me ke za ki huta?"

Ta daɗe tana kallonsa. Mutumin da ya taɓa bin ta har Damagaram cikin zafin bazara don ya gaida mahaifinta.

"Tunda cirewa kike so, shi ke nan," ya ce. Ya zaro wayarsa ya ɗan daddanna. "Voilà. Na fitar da ita daga compte ɗina gaba ɗaya."

Na'urar ta riga ta san wifi ɗin gidan. Ruwaida ta karɓe ta, ta goga yatsa. Wayam. Littattafan sun tafi, har da bayanan da ta yi watanni tana rubutawa a gefen shafuka.

Ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"Ka sauwaƙe mini, Ja'afaru."

Ya dubi yayarsa. Hajiya Turai ta ci gaba da yankan albasa.

"Na sake ki," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ba ta yi kuka a matakala ba, ba ta yi a cikin jirgin métro ba. A tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon ta sami benci ta zauna, ta kira Damagaram. Ta shirya abin da za ta faɗa tsaf, yadda hankalin tsohuwa ba zai tashi ba.

"Allo, Inna? Ina wuni..."

"Ruwaida? Auta, me ya sami muryarki? Kin ko ci abinci yau?"

Ta dunƙule a kan bencin, mutane na wucewa da akwatunansu, ta fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Yi kukanki," in ji Inna. "Ina nan, ba zan kashe ba."