Satar Ranar Roƙon Ruwa

Jama'a ba su gama watsewa daga filin roƙon ruwa ba Cha'ibu ya faɗo komisariyar Matameye, ofishin 'yan sanda, takalmi a hannu, yana haki.

"Shef, an ɗauke mini inji."

Insifekta Isufu Bawa ya ture kofin shayinsa gefe. Baƙo ne a garin, bai daɗe da zuwa daga Tawa ba, kuma mutum ne da ba ya son dogon bayani.

"Wane inji?"

"Na ban ruwa, mai aiki da rana. Cikin rijiya na bar shi na tafi salla tare da kowa. Da na dawo sai tiyo a yanke."

Damina ce a suna kawai. Ruwa ya ɗauke tun bayan shuka, gero ya naɗe ganye a gonaki, shi ya sa gari kaf ya fita roƙo har da yara da dabbobi. A duk gefen nan garkar Cha'ibu, wato lambunsa, kaɗai ke da kore.

"In ba a samu injin ba fa?"

"Masara ta fara goyo, Shef. Da ranar nan, kafin kasuwa ta zagayo ta zama harawa. Ita ce abincinmu na bana."

Suka hau babur suka nufi garkar.

Insifekta ya zaga rijiyar sau ɗaya. Farantan sola na nan a kan ƙarfensu, ko kusa ba a kwance ba, alhali su ne masu saurin shiga kasuwa. Ya dawo bakin shinge ya tsaya.

"Da ka zo, ƙofar nan a buɗe take?"

"A rufe. An mayar da ƙayar yadda nake sa ta, har an danne da dutse."

"Ɓarawo ya saci inji, ya tsaya rufe ƙofa?"

"Saboda awaki ne," in ji Cha'ibu. "Mu nan ko garkar maƙiyinka ka fita sai hannunka ya mayar da ƙaya. Tun muna yara ake dukanmu a kai."

"To ɗan gida ne. Wa ya san inda injin yake?"

Cha'ibu ya sosa ƙeya. "'Yan gurup."

Ya fiddo salula. Gurup ne na 'yan yankin da ci-rani ya watsa, sunansa Zumuntar 'Yan Gida. Akasarinsu ba su rubutu, murya suke aikowa. Dokarsu ɗaya ce: duk wanda ya shigo zai faɗi sunansa da na ubansa da ƙauyensu, ya ce ga inda yake zaune, ga yadda zaman yake, sannan kowa ya amsa masa da nasa labarin.

"Wa ya kafa shi?"

"Lawali, abokina. Rana ɗaya aka yi mana kaciya. Yana Legas, bana ma ya ce ba zai zo noma ba, kasuwa ta buɗe masa."

Cha'ibu ya kunna bidiyon da ya sa makon jiya, yana nuna rijiya da inji da masara. Ƙarƙashinsa yabo ne ba iyaka. Wani daga Agadas ya ce, "Wallahi ka fi mu, mu da muka fita." Wata daga Tamanraset ta ce da tana da ƙanwa da ta ba shi. Sai wata murya mai kaushi: "Wanda ya tsotse ruwan ƙasa shi kaɗai, ai dole masararsa ta yi kyau."

"Wannan fa?"

"Illo ne, maƙwabcin garkata. Rijiyarsa ta ƙafe."

Sun iske Illo a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga.

"Ina kake lokacin salla?"

"Ina fili mana, sahu na biyu."

"Wace riga liman ya sa?"

"Fara."

"A juye ko a daidai?"

Illo ya ajiye igiyar. Duk wanda ya je ya ga liman ya juya rigarsa kamar yadda ake yi a roƙon ruwa, jama'a suka bi shi.

"Ban je ba," ya ce a ƙarshe. "Na kai saniyata wurin mahauci kafin ta faɗi. Kunya nake ji a gani, shi ya sa na zaɓi lokacin da ba kowa. Maganar da na yi a gurup kuwa, na yi. Ina jin haushin garkar nan, ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa ta ba."

"Ka gamu da wani a hanya?"

"Amalanken jaki, ya nufi hanyar Kurni. Mai shi ya naɗe fuska da rawani, na yi sallama bai amsa ba."

Mahauci ya gaskata zancen saniyar. Insifekta ya koma komisariya, ya zauna ƙarƙashin bishiya don tun da sojoji suka karɓi mulki kuran, wato wutar lantarki, ya zama sai an ga dama, ofis ba ya zaunuwa don zafi. Ya ce wa Cha'ibu, "Sa ni cikin gurup ɗin nan. Kada ka faɗi satar, kada ka faɗi aikina."

Ya danna ya yi magana. "Salamu alaikum 'yan gida. Sunana Isufu ɗan Bawa, mutumin Tawa, aiki ya kawo ni Matameye. Nan dai rana muke sha, gero na kuka. Ku fa, yaya wajenku?"

Ba a jima ba salula ta shiga ƙara. Na Agadas ya ce bulo yake bugawa, su takwas a ɗaki ɗaya. Na Kano ya ce ruwa yake turawa a kura, naira ta zama takarda. Ta Tamanraset ta yi masa maraba ta tambaya ko yana da mata. Kowa da kukansa, kowa kuma sai ya rufe da cewa Cha'ibu ne ya yi dabara da ya zauna gida.

Sai Lawali, da murya ta mai gari. "Maraba da baƙo. Ni ne Lawali ɗan Mahamadu, shugaban gurup, daga Agege ta Legas. Nan alhamdu lillahi, shago cike, ciniki sai wanda ya gaji. Rana ce dai ta dame mu yau, kamar a gasa mutum."

Can ƙasa wani Iliyasu ya shigo. "Ku yi haƙuri da jinkiri, ni ma ina Agege. Tun shekaranjiya ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ya shiga ɗakinmu, a kan benci muke kwana. Da ana aiko shi a buhu da na aiko muku."

Insifekta ya sake kunna na Lawali, ya sake kunna na Iliyasu.

"Agege guda nawa ce a Legas?"

"Ɗaya na sani," in ji Cha'ibu. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Kai ni gidan Lawali."

Balki matar Lawali ta amsa daga bayan zana. Ta rantse mijinta na Legas, rabonta da aikensa tun kafin azumi, in ta kira sai ya ce iyaka ce a rufe.

"Yana da dangi a Kurni?"

"Yayarsa Indo. Da kullum tana nan, yanzu ta ɗauke ƙafa. Na ce zan kai mata yara su kwana biyu, ta aiko cewa kada in zo, wai ƙyanda ta shiga gidan."

Da la'asar motar komisariya ta tsaya a Kurni. Indo ta fito tana goge hannu a zane. Akwai amalanke a jingine, da jaki ɗaure yana cin kara.

"Ina Lawali?"

"Yana Legas, Shef. Kowa ya sani."

"Wa ya fita da amalanken nan yau?"

"Ba wanda ya fita da shi."

"Wa ke da ƙyanda a gidan?"

Ta dubi yaran da ke wasa a tsakar gida, lafiyarsu lau, ta kasa zaɓar ko ɗaya.

Insifekta ya juya wurin Cha'ibu. "Kira shugaban gurup."

Cha'ibu ya danna. Sai kiɗan salula ya tashi daga cikin rumbun da ke bayan ɗaki, rumbun da ba ko zangarniya a ciki. Indo ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Lawali ya sauko a hankali. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, rigar jikinsa ta sha dauɗa. Bai yi gardama ba.

"Yaushe ka dawo?"

"Tun kafin shuka. An rushe layin rumfunanmu, na sayar da abin da ya rage na ci. Ta daji na shigo, da ƙafa. In shiga Matameye hannu biyu, ba ko sabulun tsaraba? Ni Lawali?"

"Ina injin?"

"Tsohuwar rijiyar bayan gari. Na fasa shi da dutse kafin in jefa."

Cha'ibu ya dafa bango. "Ka fasa? Ko sayarwa ba ka yi ba?"

"Ni ba ɓarawo ba ne, me zan yi da kuɗinsa?" Lawali ya ɗago ido a karo na farko. "Hassada ce, Cha'ibu, ba sai an tambaye ni ba. Ni na kafa gurup ɗin nan. Da in na sa hoton gada ko na teku, kwana ake ana zancena. Kai ne wanda muke tsokana, mai tsoron mota, wanda bai taɓa wuce Damagaram ba. Yanzu ina kwance cikin rumbu kamar ɓera, in kunna salula in ji Cha'ibu, in kashe in kunna in ji Cha'ibu. Har uwata ta sa aka ɗauki muryarta tana sa maka albarka. Ni ba ta taɓa yi mini a gurup ba. So nake garkar ta bushe ka dawo daidai da mu, shi ke nan."

Aka sa masa ankwa. An zaro injin daga rijiyar da ƙugiya, ya tsage gida biyu, ko makanike bai tsaya dubawa ba.

Hanyar komawa ta bi ta gefen garkar. Rana ta yi sanyi, amma masarar ta riga ta sunkuyar da kai. A can kusurwar gabas wata mace na jan guga da hannu, yara biyu na kai ruwa a tasa suna zubawa a gindin shuka. Lawali ya manna fuska a ƙarfen mota.

"Tsaya, Shef. Waccan ba Balki ba ce? Me take yi a nan?"

Insifekta ya sa direba ya tsaya. Cha'ibu bai juyo ba, hanya yake kallo.

"Fangalinta take ba wa ruwa. Da na ga aike ya yanke, na yanka mata gefen gabas, daga rijiya har shinge. Na ce kada ta faɗa maka, kada ka ji nauyi kana can. Abin da 'ya'yanka ke ci ke nan tun azumi."

Lawali ya sake leƙa garkar. Ƙaramar 'yarsa ta hango mota, ta ajiye tasa ta sa hannu a goshi tana leƙe. Ya zame ƙasa tsakanin kujeru, ya ja rawanin ya rufe fuska.

"Don Allah mu tafi kafin ta gane ni."

Cha'ibu ya sauka, ya naɗe hannun riga, ya je ya karɓi igiyar daga hannun Balki. Insifekta ya buga ƙofar mota, direba ya ja suka nufi komisariya.